Kyamarar da ba ta ɗaukar hoto: tambayoyi da amsoshi kan gane abu cikin sauri da ragar niyuron masu bugu

Tambayoyin nan su ne ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban injiniya da na kimiyyar kwamfuta, da masu sha'awar ƙirƙirarriyar basira, idan suka fara jin labarin kyamara mai bin canji da ragar niyuron masu bugu. Ragar niyuron tsarin lissafin kwamfuta ne da ke kwaikwayon yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke haɗe da juna. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu zurfi.

1. Mece ce kyamara mai bin canji, kuma da me ta bambanta da ta wayata?

Kyamarar waya da agogo take aiki. Sau 30 a sakan, ko sau 60, sai ta karanto hasken da ya sauka a kan dukkan fiksel ɗinta, wato ƙananan ɗigon da ke karɓar haske, ta haɗa cikakken hoto ta miƙa. Wani abu ya motsa ko bai motsa ba, haka za ta yi ta yi. Kyamara mai bin canji ba ta da wannan agogon. Kowane fiksel zaman kansa yake yi, yana lura da hasken da ke sauka a kansa. Da zarar hasken ya ƙaru ko ya ragu da wani kaso da aka ƙayyade, nan take sai ya aika da ɗan gajeren saƙo: ga inda nake, ga lokacin da abin ya faru, kuma haske ƙaruwa ya yi ko raguwa. Shi ke nan.

Kafa ta a ɗaki ta fuskanci farin bango, za ta yi tsit, in ban da 'yan saƙonnin hayaniya jefi-jefi. Wuce da hannunka ta gabanta. Fiksel ɗin da gefen hannun ya rufe wa bango za su ce haske ya ragu, waɗanda hannun ya bari a baya su ce ya ƙaru, tsakiyar tafin hannun kuwa kusan ba za a ji ɗuriyarsa ba. Abin da ke fitowa ba hoto ba ne, ambaliyar ɗige-ɗige ce da ke zana gefunan abin da ke motsi.

2. Su wa suka ƙirƙiro ta?

Asalinta cibiyar Caltech ce a Kalifoniya, a ƙarshen shekarun 1980. Carver Mead da ɗalibarsa Misha Mahowald suka ƙera cif na silikon da ke kwaikwayon tantanin da ke karɓar haske a bayan idon mutum, har aikin ya hau bangon mujallar Scientific American a 1991. Kyamarar da masu bincike suka fara amfani da ita sosai ita ce DVS128, wadda Patrick Lichtsteiner da Christoph Posch da Tobi Delbruck suka bayyana a 2008, daga cibiyar da Jami'ar Zurik da jami'ar fasaha ta ETH suka haɗa gwiwa a kanta a Suwizalan. Fiksel ɗinta 128 sau 128 ne kacal. Daga baya kamfanoni suka shigo, irin su iniVation a Zurik, da Prophesee a Faris, da Samsung. Sony da Prophesee sun haɗu sun fitar da IMX636 mai fiksel 1280 sau 720.

3. Daga ina saurin yake fitowa?

Daga rashin jira. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 30 a sakan tana barin giɓin milisakan 33 tsakanin hoto da hoto. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a sakan, wato a cikin wannan giɓin ta ci kusan mita guda babu wanda ya gani. Bayan haka sai a jira a karanto hoton, a tura shi, kwamfuta ta bi fiksel sama da dubu ɗari tara ɗaya bayan ɗaya, alhali mafi yawansu sararin sama ne da kwalta da ba su canza ba.

Fiksel mai bin canji yana magana ne a lokacin da abin ya faru. An auna jinkirin DVS128 a maikrosakan 15 (maikrosakan dubu ne ke yin milisakan ɗaya), sai dai a kula, wannan a cikin haske mai ƙarfi ne a ɗakin gwaji. Idan haske ya yi ƙasa fiksel yana yin nauyi, jinkirin ya haura zuwa ɗaruruwan maikrosakan ko ya kai milisakan. Duk da haka tazarar tana da yawa. A 2013 Delbruck da Manuel Lang sun nuna wani ɗan hannun inji mai tsaron gida a kan tebur, yana tare ƙwallayen da aka harbo masa, yana mayar da martani cikin milisakan 3, kwamfutar kuma kashi 4 cikin ɗari na ƙarfinta kawai take amfani da shi.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne saurin kyamara daban, saurin gane abu daban. Amsa ta 5 da ta 14 sun yi bayanin inda ake zubar da wannan riba.

4. Gaskiya ne tana gani a duhu da kuma cikin tsananin rana?

Tana jure bambancin haske fiye da kyamarar yau da kullum nesa ba kusa ba. Dalili shi ne fiksel yana auna kason canji ne, ba yawan hasken kansa ba, don haka wanda ke inuwa da wanda rana ke duka kowa yana aikinsa. Ana ba da adadin desibel 120, wato bambancin ninki miliyan tsakanin mafi duhu da mafi haske, yayin da kyamarori na gama-gari ke wajen desibel 60, ninki dubu. Motar da ta fito daga ramin ƙarƙashin ƙasa ta yi kiciɓis da rana ba za ta makance ba. Amma a baƙin duhu inda babu haske sam, ita ma ba ta ganin komai.

5. Me zai hana a ba ragar niyuron da aka saba da ita waɗannan saƙonni?

Ana yi, kuma mafi yawan ayyukan da ke kasuwa haka suke yi. Sai dai ragar da aka saba da ita hoto take ci. Dole a tara saƙonnin na tsawon wani lokaci, a ce milisakan 30 ko 50, a shimfiɗa su a kan allo guda su zama hoto, sannan a miƙa mata. Ka ga an dawo gidan jiya: jiran da aka gudu shi aka sake ƙirƙirowa, kuma ragar za ta yi lissafi a kan kowane fiksel, har da dubban da ba su ce komai ba.

Akwai hanyoyin tsaka-tsaki masu kyau. HOTS na 2017 da HATS na 2018 suna adana wa kowane fiksel lokacin da ya yi magana ta ƙarshe, ta yadda sabon saƙo ya fi tsoho nauyi. Wannan yana riƙe wani ɓangare na labarin lokaci. Amma wanda ke son cin moriyar kyamarar gaba ɗaya yana bukatar ragar da ita ma ba ta motsawa sai saƙo ya iso.

6. To mece ce ragar niyuron masu bugu?

A ragar da aka saba, kowane niyuron yana fitar da lamba a kowane zagaye. A wannan kuwa niyuron shiru yake yi, sai lokaci-lokaci ya saki bugu guda, kamar yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke yi. Wolfgang Maass ne ya kira su zuriya ta uku ta ragogin niyuron a 1997, amma lissafin da aka fi amfani da shi ya samo asali tun daga aikin Louis Lapicque na 1907.

Ɗauki niyuron a matsayin tulu mai yoyo. Kowane bugu da ya iso yana zuba ruwa a ciki, wani da yawa wani kaɗan, gwargwadon nauyin mahaɗar da ya biyo, wani ma kwasa yake yi. Idan bugun suka zo a jere kusa da juna, ruwan zai kai baki kafin ya tsiyaye, sai niyuron ya saki nasa bugun zuwa na gaba, a juye tulun a fara sabo. Idan suka zo a warwatse, yoyo ya cinye su, ba abin da zai faru. Saboda haka lokacin isowar bugu yana cikin lissafin tun daga tushe.

Ga inda suka dace da kyamarar: saƙon fiksel shi kansa bugu ne, yana shiga layin farko na ragar kai tsaye ba tare da an mayar da shi hoto ba. Inda babu motsi babu bugu, inda babu bugu babu lissafi.

7. Bugu ɗaya tak zai isa a gane abu?

Wannan tambaya ce mai daɗi, domin amsarta daga ƙwaƙwalwar mutum ta fito. A 1996 Simon Thorpe da abokan aikinsa a Tulus ta Faransa suka riƙa haska wa mutane hotuna na milisakan 20, suna tambayarsu ko akwai dabba a ciki. Na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa ta nuna an bambance hoton da ke da dabba da wanda ba shi da ita cikin kimanin milisakan 150. Daga ido zuwa inda ake yanke wannan hukunci akwai matakai wajen goma, kowane mataki ke nan yana da milisakan 10 zuwa 15. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuma ba kasafai suke wuce bugu 100 a sakan ba. Ashe a kowane mataki bugu ɗaya ne ake da sararin yi, babu lokacin zama a ƙirga.

Daga nan aka fahimci cewa labarin yana iya kasancewa a cikin wa ya riga bugawa. Niyuron da ya fi dacewa da abin da aka gani shi ke cika da wuri. Tsarin HFirst da Garrick Orchard da abokansa suka fitar a 2015 a kan wannan ya ginu: wanda ya fara bugawa ya ci, ya kuma danne maƙwabtansa. A ganina wannan shi ne zuciyar fannin. Ragar da ke bukatar ɗaruruwan bugu kafin ta ba da amsa ta bar abin da ya sa aka ƙirƙiro ta.

8. An taɓa nuna hakan yana aiki a zahiri?

An nuna. A Sebiya ta Sifaniya, rukunin Bernabé Linares-Barranco da Teresa Serrano-Gotarredona sun riƙa fifita kunshin katin karta da yatsa a gaban kyamarar, kowane kati yana giftawa cikin 'yan gomman milisakan, raga mai bugu tana tantance alamar da ke jikinsa daga cikin alamomi huɗu. Kyamarar waya da ƙyar za ta samu hoto ɗaya na kowane kati, shi ma a dishi-dishi.

A 2017 masu binciken IBM sun haɗa DVS128 da cif ɗinsu TrueNorth don gane motsin hannu iri 11, kamar tafi da ɗaga hannu da juya shi. Tsarin ya dace da kashi 96.5 cikin ɗari, yana gane motsi cikin milisakan 105 daga farawarsa, yana cin ƙasa da miliwat 200.

Akwai kuma aikin rukunin Davide Scaramuzza a Zurik na 2020, inda ƙaramin jirgi marar matuƙi ke kauce wa ƙwallon da aka jefo masa da jinkirin milisakan 3.5. Ana yawan kawo shi a matsayin hujja, amma a san cewa ba raga mai bugu aka yi amfani da ita ba, kuma jirgin bai san mene ne abin ba, ya dai san wani abu na tahowa.

9. Yaya ake horar da irin wannan raga?

Nan ne gizo ke saƙa. Hanyar da ake horar da ragogin zamani tana bukatar a san yadda ɗan canji a nauyin mahaɗa zai ɗan canza sakamako. Bugu kuwa ko akwai ko babu, ba shi da rabi, don haka lissafin yana tsayawa cik.

Hanya ta farko ita ce a horar da raga ta gama-gari, sannan a juya ta ta zama mai bugu, inda yawan bugu ke wakiltar girman lamba. Tana ba da daidaito mai kyau, amma tana bukatar bugu da yawa da lokaci mai tsawo, matsalar da aka ambata a amsa ta 7. Ta biyu ita ce a bar mahaɗu su koya da kansu bisa ƙa'idar da Guo-qiang Bi da Mu-ming Poo suka auna a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a 1998: idan bugun niyuron na baya ya riga na gaba da ɗan lokaci, mahaɗar ta ƙara ƙarfi, idan ya biyo bayansa ta yi rauni. Ba ta bukatar a yi wa bayanai laƙabi, sai dai tana wahalar kaiwa ga raga mai zurfi.

Ta uku ita ce ta fi karɓuwa yanzu. A lokacin tafiya gaba ana barin bugu yadda yake, a lokacin komawa baya don gyara nauyi sai a musanya shi da lanƙwasa mai santsi da lissafi zai iya bi. Tsarin horo mai suna SLAYER na 2018 yana cikin na farko-farko, kuma Emre Neftci da Hesham Mostafa da Friedemann Zenke sun tattara bayanin hanyar a 2019. Tsadarta ita ce horon yana cin ma'adanar GPU, wato cif ɗin lissafi da ake horar da ragogi a kansa, sosai, tunda dole a tuna halin kowane niyuron a kowane taƙin lokaci.

10. Da waɗanne bayanai ake gwaji?

Wanda kowa ke farawa da shi N-MNIST ne na 2015. An ɗauki hotunan lambobin rubutun hannu 70,000, aka riƙa nuna su a allo, kyamarar tana kan wani ɗan inji da ke karkata ta sau uku cikin kimanin milisakan 300. Haka aka yi N-Caltech101. Sai DVS128 Gesture na IBM, da aka ɗauka daga mutum 29 a yanayin haske iri uku, da N-Cars da kuma manyan rumbunan tuƙin mota na Prophesee.

Gargaɗi game da N-MNIST: motsin kowace lamba iri ɗaya ne, don haka lokaci ba ya ɗauke da wani labari na musamman. Idan aka tara saƙonnin suka zama hoto, raga ta gama-gari tana cin kusan kashi 99. Wanda ya ci wannan gwaji bai tabbatar da cewa ragarsa tana amfani da lokaci ba. Bayanan motsin hannu sun fi, domin juya hannu dama da juya shi hagu suna iya kama da juna idan aka tattara su a hoto guda.

11. Dole sai da cif na musamman?

Don koyo da horo, a'a. Don cin ribar wuta da sauri, e. GPU an ƙera shi ne ya yi lissafi mai yawa a dunƙule, ba ya samun wani sauƙi don kashi 95 na niyuron sun yi shiru, zai ninka sifili da sifili ya ci wutarsa. Raga mai bugu a kan GPU sau da yawa ta fi ta gama-gari nauyi.

Cif ɗin da aka yi don wannan aiki yana ajiye ma'adana kusa da niyuron, kuma sashen da bugu bai iso ba yana hutawa. TrueNorth na 2014 yana da niyuron miliyan ɗaya da mahaɗu miliyan 256, yana cin kimanin miliwat 70. Loihi na Intel yana da wajen niyuron 130,000, Loihi 2 ya biyo baya a 2021. SpiNNaker na Jami'ar Manchesta, ƙarƙashin Steve Furber, ya kai ƙananan injinan lissafi na ARM miliyan ɗaya a 2018. Kamfanin SynSense kuma ya haɗa kyamara da raga a cif guda mai suna Speck. Yawancin waɗannan ba a shiga shago a saya, ta hanyar haɗin gwiwar bincike ake samunsu, kuma wannan na cikin abin da ke rage wa fannin gudu.

12. Idan abu ya tsaya cak fa?

Ya ɓace. Mutumin da ya tsaya a tsakiyar titi gaban kyamarar da ita ma ke tsaye ba ya haifar da saƙo. Dole ragar ta tuna cewa yana nan, ko a riƙa ɗan girgiza kyamarar. Idon mutum ma haka yake, ba ya daina 'yan ƙananan motsi ko da an kafa shi a wuri guda. Akasin haka ma matsala ce: kyamarar da ke kan mota mai gudu tana ganin komai yana motsi, bishiyoyi da gine-gine da fentin titi, sai saƙonni su kai miliyoyi a sakan, sauƙin da ake taƙama da shi ya ragu.

Shi ya sa aka yi DAVIS a 2014, wadda ke ba da saƙonnin canji da cikakken hoto daga fiksel guda. A 2024 Daniel Gehrig da Scaramuzza sun nuna a mujallar Nature cewa kyamara mai hoto 20 a sakan, idan aka haɗa ta da mai bin canji, tana kai saurin mai hoto 5,000 a sakan, da yawan bayanan da bai wuce na mai hoto 45 ba. Ga mota, wannan haɗin ya fi kama hankali a kan a ce ɗaya ta kori ɗaya.

13. Me ke kawo saƙonnin ƙarya?

Abu biyu. Na farko hayaniyar lantarkin fiksel ɗin kansa, wadda ke ƙaruwa a duhu da kuma lokacin zafi. Maganinta mai sauƙi ne: saƙon da babu maƙwabcin da ya mara masa baya cikin ɗan lokaci a yar da shi. Niyuron mai yoyo ma yana yin wannan tacewa da kansa, kamar yadda amsa ta 6 ta nuna. Na biyu fitilu. Inda wutar lantarki ke juyawa sau 50 a sakan, kamar Najeriya da Nijar da Turai, fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100 a sakan. Ido ba ya gani, kyamarar kuwa tana gani sarai, duk abin da fitilar ta haska sai ya yi ta aiko da saƙo. Wanda zai yi gwaji a ɗaki ya fara da hasken taga.

14. Idan na ga an ce wani tsari ya fi sauri ko ya fi tsimin wuta, me zan duba?

Duba daga ina aka fara ƙirga jinkirin kuma a ina aka tsaya. Maikrosakan ɗin fiksel ba shi ne lokacin amsa ba. A tambaya: milisakan nawa na saƙonni aka tara kafin a fara lissafi, taƙin lokaci nawa ragar ke bukata, kuma an haɗa da lokacin da bayanai ke ɗauka a wayar USB? Game da wuta, a duba ko an auna ta ne a kan cif na gaske, ko kuwa ƙirga bugu aka yi aka ninka da wani adadi. Ƙiyasi irin na biyu yakan manta da kuɗin ɗauko bayanai daga ma'adana, wanda sau da yawa shi ne mafi tsada. A kuma duba da wa aka gwada: da babban GPU, ko da ƙaramar raga ta gama-gari da aka tsuke ta don ƙaramin cif?

Batun daidaito kuma a faɗi gaskiya. A manyan ayyuka, kamar gano motoci da masu tafiya a ƙasa a titi mai cunkoso, ragogin gama-gari da aka ciyar da saƙonnin da aka tara har yanzu su ke gaba a mafi yawan gwaje-gwaje. Inda raga mai bugu ke haskawa shi ne ƙaramin aiki mai bukatar amsa nan take da batir ƙarami, a wurin da mafi yawan lokaci babu abin da ke faruwa: na'urar da ke jiran motsin hannu, bin ƙwayar ido a tabarau, ƙirga kaya masu gudu a layin masana'anta.

15. Ba ni da kyamarar. Ta ina zan fara?

Kwamfutar tafi-da-gidanka da Python sun isa. Manhajar Tonic tana sauko da N-MNIST da DVS128 Gesture ta shirya su, snnTorch da SpikingJelly da Norse kuma suna ba da niyuron masu bugu a kan PyTorch, manhajar horar da ragogi, duk kyauta. Mai son bayanan kansa zai iya ɗaukar bidiyo da waya ya bi da shi ta v2e, wadda ke juya bidiyo ya zama saƙonnin canji na kwaikwayo, ko da yake ba za su kai na gaske kaifin lokaci ba.

Kafin ka horar da komai, buɗe samfuri guda na motsin hannu ka zana saƙonninsa a taga ta milisakan 1, sannan 10, sannan 100, ka ga daga wace taga idonka ke fara gane abin. Bayan horo kuma kada ka tsaya a adadin daidaito guda. Zana yadda daidaiton ke hawa yayin da lokaci ke tafiya, a milisakan 10, a 50, a 300, ka ajiye yawan bugun da ragar ta kashe a gefen kowane adadi, sannan ka maimaita gwajin bayan ka hargitsa jerin lokutan saƙonnin. Idan daidaiton bai faɗi ba, koma amsa ta 10.